Tsohuwar silindar MoF6 a sito da yatsan da ya fara zogi bayan kwana ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Muna kwashe kayan sito na sashenmu sai muka ci karo da wata ƙaramar silinda ta ƙarfe an rubuta MoF6 a jikinta, bakin bawul ɗinta ya yi wani ɓawo fari mai ratsin shuɗi. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya kankare ɓawon da farcensa, bai ji komai ba. Yau da safe yatsan yana masa zogi har ƙarƙashin farce, alhali ba a ganin ƙuna. Ya shafa makilin, ya ce ai fuloraid ne irin na man goge baki, kuma asid ɗin haidirofulorik (HF) da ke fita rarraunan asid ne. Wasu sun ce a kai silindar bayan gini a buɗe ta huce. Hankalina bai kwanta ba. Me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki ajiye karatun nan tukuna, ki sa a kai mutumin nan asibiti yanzu, sashen gaggawa, ba kemis na bakin titi ba. A gaya wa likita ƙarara cewa ana zargin ƙunar asid ɗin HF ce. In kin dawo sai ki ƙarasa.

Molibdenam heksafuloraid, wato MoF6 ɗin da ke cikin silindar, yana narkewa a digiri 17.5, yana tafasa a digiri 34 na ma'aunin Salshiyas. Ki duba wannan lamba ta biyun da kyau. A ɗakunan gwaji na Jamus, inda masanin sinadarai Otto Ruff ya yi aiki a kan irin waɗannan sinadarai a farkon ƙarni na 20, ruwa ne mara launi a zaune. A sito mara fanka a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda zafi kan haura 40, abin da ke cikin silindar nan ya wuce matakin tafasa, yana tura bawul daga ciki. Bawul ɗin da ya tsufa zai riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, kuma da tururin ya haɗu da laimar iska sai ya tarwatse: MoF6 + 3H2O → MoO3 + 6HF. Kafin ya kai ƙarshe yakan biya ta MoOF4 da MoO2F2, su ma suna ci gaba da sakin HF in sun sami danshi. Farin ɓawon da kika gani ke nan. Shuɗin kuwa alama ce cewa wani ɓangare na molibdenam ya sauka daga matakin cajinsa na +6. Gumin yatsa ya ishe shi ruwa. Ki yi lissafin da kanki: giram 210 na MoF6 yana ba da giram 120 na HF, fiye da rabin nauyinsa.

Yanzu bari in zo kan maganar "rarraunan asid", domin ta fi kowace magana ba ni haushi, kuma ba ranar da ba na jin ta daga bakin mutanen da suka ci jarrabawa. Gaskiya ne pKa ɗin HF, wato ma'aunin ƙarfin asid, kusan 3.2 ne, bai cika rabuwa a cikin ruwa ba. To wannan raunin shi ne tushen haɗarin. Asid mai ƙarfi irin na batir yana ƙona saman fata nan take, mutum ya yi ihu ya ruga famfo, mataccen naman kuma ya tare masa hanya. HF da bai rabu ba ba ya ɗauke da caji, saboda haka yana ratsa fata salin-alin ya nutsa cikin nama. A can ciki ne fuloraid ke kama kalsiyam da magnesiyam na jiki ya mai da su gishirin da ba ya narkewa. Ƙwayoyin nama su mutu, jijiyoyi su ɗauki zogi, abin ya iya kaiwa ƙashi. In ya yi yawa sai kalsiyam na jini ya faɗi, potasiyam ya hau, bugun zuciya ya rikice.

Rashin jin zafi da farko shi ne halinsa. In ƙarfin ruwan ya haura kashi 50 cikin 100 ana ji nan take. Tsakanin 20 da 50 yakan ɗauki awa 1 zuwa 8. Ƙasa da 20 yana iya kaiwa awa 24 kafin ya nuna kansa. Zogi mai tsanani a ƙarƙashin farce washegari, fata kuma tana nan kamar lafiya lau, wannan siffar ƙunar HF ce sak. A 1994 a yammacin Ostireliya wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya zubar da HF mai ƙarfin kashi 70 a cinyoyinsa, ya wanke da ruwa, amma ba maganin kalsiyam a kusa. Ya rasu bayan kimanin mako biyu. A watan Satumba na 2012 a garin Gumi na Koriya ta Kudu, kwararar HF daga tanka ta kashe ma'aikata 5. Duk da wannan ana ce mini rarrauna ne.

Batun makilin kuma, fuloraid ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 0.15 cikin 100 ba, kuma gishiri ne a yanayin da ba na asid ba. Haɗa shi da MoF6 daidai yake da a ce gishirin miya da iskar kulorin abu ɗaya ne tunda duk akwai kulorin. Makilin, manja, ɗanyen ƙwai, man juye, babu wanda ke ciro fuloraid daga cikin nama. Na san wani zai ce a jiƙa kanwa, ai tana kashe asid. Tana kashe abin da ke sama, wanda ya riga ya shiga ba ruwansa da kanwarka.

Abin da ke aiki shi ne wankewa da ruwa mai yawa tun a mintin farko, sannan a shafa man kalsiyam gulukonet mai ƙarfin kashi 2.5, ana murzawa ana sakewa. In babu haɗaɗɗe, asibiti na iya haɗa mililita 25 na allurar kalsiyam gulukonet mai kashi 10 da mililita 75 na man santsi mai narkewa a ruwa, a zuba cikin safar hannu ya sa hannunsa. Tunda ya kwana kuma abin yana ƙarƙashin farce, mai yiwuwa man shafawa kaɗai ba zai isa ba. Likita ne zai yanke ko a tsaga farcen ko a yi allura. A duba kalsiyam na jini, a yi gwajin bugun zuciya na ECG. Kada a kashe wurin da allurar kashe zafi don a sallame shi, domin raguwar zogin ita ce ke nuna maganin ya kai.

Silindar kuwa kada kowa ya buɗe ta, a bayan gini ko a gabansa. A ranar 4 ga Janairu 1986 a Gore ta jihar Oklahoma a Amurka, silindar yuraniyam heksafuloraid (UF6) ta fashe bayan an cika ta fiye da kima an kuma ɗumama ta, ma'aikaci ɗaya ya mutu da shaƙar HF ɗin da ya tashi. MoF6 ɗan gidansu ne, har ma yakan bi UF6 a matsayin gurɓata lokacin tace yuraniyam, shi ya sa masana'antun da ke wannan aiki, irin na Tricastin a Faransa inda yuraniyam ɗin Arlit ta Nijar ya shafe shekaru yana zuwa a baya, suke sa ido kan yawan molibdenam a kayan da aka kawo musu. Kada kuma a juye MoF6 ɗin a kwalba. HF yana cin gilashi ya ba da iskar SiF4 da ruwa, ruwan ya koma ya farfasa wani MoF6, a sake samun HF, haka za a yi ta zagayawa har kwalbar ta huje. Shi ya sa ake ajiye shi a mazubin nikel ko Monel, wato gamin nikel da jan ƙarfe. Kada a matse bawul ɗin da sifana, tsatsa ta riga ta ci zarensa.

A rufe siton, a bar tagogi a buɗe, a hana ruwa kusantar wurin, a liƙa takarda a ƙofa. Ki rubuta wa shugaban sashe a yau, ki riƙe kwafi mai sa hannu da kwanan wata, ki nemi a kira masu aikin kwashe sinadarai masu haɗari. Na san yadda takardar za ta yi: za a ce a kafa kwamiti, kwamiti ya jira amincewar kuɗin zama, fayil ya kwana a tebur har damina ta shigo, laimar iska ta ƙaru, ɓawon ya ci gaba da girma. Saboda haka ki haɗa da rahoton likita na yatsan nan, ki sa lissafin giram 120 ɗin a layin farko. Kuma kafin su amsa, ku tara kuɗi a sashen ku sayi man kalsiyam gulukonet ku rataye a bango inda kowa zai gani, ba a cikin durowar da makullinta ke aljihun wanda ya tafi hutu ba.