Me ake nufi da "call the shots" a Turanci?

Tambaya: Malam barka da aiki. A wajen aikinmu na ji wata tana ce wa sabon ma'aikaci "madam calls the shots here", ni dai na san call kira ne, shot kuma harbi, to me ya haɗa madam da harbi? Don Allah a warware min.

Amsa: Yawwa ƙanwata, ba bindiga a maganar nan ko kaɗan, karin magana ne, kuma shi karin magana ba a fassara shi kalma-kalma. In Bature ya ce wane calls the shots, yana nufin shi ke da wuƙa da nama, sai abin da ya ce, in ya yanke hukunci an gama. Kenan abin da waccan ke gaya wa sabon yaron shi ne ya san inda zai kai gaisuwa.

Asalinta wasu na danganta shi da wasanni, kamar wasan pool na Amurka, wanda mu nan muke haɗe shi duka mu ce sunuka, inda a wasu dokokin sai ɗan wasa ya faɗi ƙwallon da zai buga da ramin da zai jefa ta tun kafin ya ɗora sanda.

Amma abin da nake so ki riƙe, wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, shi ne ba muƙami maganar take nunawa ba, iko take nunawa, shi ya sa sau da yawa ake faɗinta a inda mai kujera daban mai juya akala daban. Masu kallon ƙwallo sun san wannan sarai. Koci Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea kofin zakarun Turai a watan Mayun 2012, kafin ƙarshen Nuwamba na shekarar an sallame shi, saboda koci ne ke tsaye a bakin fili yana ɗaga hannu amma mai kulob ɗin a lokacin, Roman Abramovich, shi ne yake calling the shots. Ki lura ma, ita abokiyar aikinki ba ta ce madam ce shugaba ba, wataƙila akwai oga a sama, amma kowa ya san teburin da takarda ke tsayawa.

Wajen amfani kuwa, shots ɗin jam'i ne kullum, kuma ba a yar da the, call ɗin ne kawai ke canzawa, he calls, she called, they are calling. Sannan maganar hira ce da jarida, kar ki sa ta a takardar neman aiki, kuma kar ki kuskura ki ce wa na gaba da ke "I call the shots", rashin kunya ce tsagwaronta. Inda za ta yi miki rana shi ne in wani ya matsa miki kan abin da ba hurumin ki ba, sai ki ce "sorry, I don't call the shots here", wato ba a hannuna abin yake ba. In kuma ke ce za ki bar wa mutum zaɓi, akwai 'yar uwarta, "it's your call".