Ban iya iyo ba, zan iya zuwa Marsa Alam da iyalina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, ina zaune Mabera. Ina son in kai maiɗakina hutu bakin teku, wani aboki ya ambata mini Marsa Alam a ƙasar Masar, wai ana nutso a ga kifaye. Daga ni har ita babu wanda ya iya iyo. Wurin zai dace da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai dace, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne zan daɗe a kansa.

Marsa Alam tana gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 270 kudu da birnin Hurgada. Da ƙauyen masunta ce, sai da aka buɗe filin jirgin sama a farkon shekarun 2000 baƙi suka fara kwarara. Garin kansa ƙarami ne, otal-otal ɗin kuwa a warwatse suke a bakin ruwa, hamada a bayansu. In kasuwa da hayaniya kuke so, ku tsaya Alƙahira. Abin da ake zuwa nema a nan yana cikin ruwa.

Kallon cikin teku iri biyu ne. Akwai na saman ruwa: ka sa tabarau da bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa, ka kwanta rub da ciki kana kallon ƙasa, mai rakiya yana jan ka da taya. Ko wanda bai iya iyo ba ma zai iya wannan a inda ruwa yake kwance. Gaɓar Abu Dabbab ta dace da haka. Ƙasanta ciyawar ruwa ce, manyan kunkuru suna kiwo a kanta, kana jin ƙarar numfashinka a bututu kana ganin ɗaya ya taso ya shaƙi iska ya koma. In da rabo har dugon za ku gani, ɗan'uwan ayun da masuntan Yawuri suka sani.

Na biyu shi ne nutso da tukunyar iska a baya, kuma a nan nake roƙonka ka bi a hankali. Kafin a ba mutum takardar shaida ta matakin farko, sai ya yi iyon mita 200 ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Horon yakan ɗauki kwana 3 ko 4, iyakarsa zurfin mita 18. Akwai nutson gwaji da malami ke riƙe da kai, bai wuce mita 12 ba, amma ni ba na son wanda ruwa ke ba shi tsoro ya fara da shi. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu, kunne zai yi zafi sai ka toshe hanci ka hura a hankali. Mai mura ba ya shiga. Ba a riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar da ke huhu buɗewa take yi, tana iya yi masa rauni. Mai asma, ciwon zuciya ko sikila ya ga likita tun a gida, mai juna biyu kuma ta haƙura. Bayan nutso a bar aƙalla awa 18 kafin hawa jirgi. Elphinstone, wurin nutson da ake yawan yabo, na ƙwararru ne, igiyar ruwansa na da ƙarfi. Kada kowa ya lallaɓe ka zuwa can. Ka nemi wurin koyon iyo a Sakkwato wata biyu kafin tafiya, ko da tsayuwa a ruwa kaɗai za ka iya.

Batun Hajiya: yawancin baƙin Turawa ne, shigarsu ba irin tamu ba ce, kuma otal da yawa suna sayar da giya. Ka tambaya kafin ka biya. Rigar iyo mai rufe jiki duka ana samunta, matan Masar ma suna sa ta, sai dai ka tabbatar otal ɗin ya yarda da ita a tafkinsa. Za ta iya neman mace ta raka ta.

Hanya: daga Kano ko Abuja zuwa Alƙahira, sannan jirgin cikin gida ko a sauka Hurgada a ƙarasa da mota. Biza da katin rigakafin ciwon shawara a gama su tun a Najeriya. Afrilu, Mayu, Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi, hunturu akwai iska.

In kun samu sarari, ku ware yini guda ku shiga hamada zuwa Humaisara, inda kabarin Shehu Abul Hasan Shazili yake. A nan ya rasu a 1258 a kan hanyarsa ta aikin Hajji. Tafiya ce ta awoyi, ku ɗauki direban da ya san hanya da isasshen ruwan sha. Allah ya kai ku lafiya.