Me Ke Tafiyar da Numfashi Idan Mutum Yana Barci?

Tambaya: Likita, ina iya riƙe numfashina da gangan, amma bayan ɗan lokaci sai in ji tilas in sake shi ko ban so ba. Kuma idan na yi barci numfashin ba ya tsayawa. Mene ne ke sarrafa shi, kuma ta yaya iska ke shiga jiki?

Amsa: Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne huhu ba ya jawo iska da kansa, domin ba shi da tsokar da za ta yi wannan aiki. Mai aikin wata faffadar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, tare da ƙananan tsokoki da ke tsakanin haƙarƙari. Idan faffadar tsokar ta takure, sai ta sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta kwarara ciki kamar yadda take shiga zugazugi idan an buɗe shi. Idan ta saki, huhu ya koma girmansa, iskar ta fita. Shaƙuwa ma daga wannan tsoka take, lokacin da ta yi fizga ba zato.

Iskar da aka shaƙa tana bi ta hanci, inda ake ɗumama ta, a jiƙa ta, a tace ƙurarta, sannan ta wuce maƙogwaro ta gangara cikin bututun iska, wanda zobban guringuntsi ke riƙe da shi a buɗe. Bututun yana rabuwa biyu, kowane ya nufi huhu ɗaya, kuma rassan suna ta ƙara rabuwa suna sirancewa har su ƙare a wasu ƙananan jakunkunan iska, kimanin miliyan 300 zuwa 500 a jikin babban mutum. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kuwa biyu, saboda ya bar wa zuciya wuri. A cikin jakunkunan nan ne ake musayar da aka yi dukan tafiyar dominta: oksijin, wato sashen iskar da jiki ke buƙata don rayuwa, ya ratsa siririn bango ya shiga jini, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke shi zuwa sassan jiki, kabon dayoksaid kuma, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa, ya baro jini ya fita. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuma tana da kimanin kashi 16, wato ba duka muke amfani da shi ba.

Umarnin kuwa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, daga ƙasanta inda ta haɗu da laka. Wannan sashe ba ya barci, kuma ba ya jiran izinin mutum. Yana aika saƙo ta jijiyoyi zuwa tsokokin numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ga babba mai hutawa, kowane jan numfashi kuma yana shigar da kimanin rabin lita. Jijiyar da ke motsa faffadar tsokar tana fitowa ne daga lakar wuya, shi ya sa mummunan rauni a saman wuya kan hana mutum numfashi alhali huhunsa lafiya lau.

Sauran batun riƙe numfashi, kuma a nan ne akasarin mutane ke kuskure. Ana zaton ƙarancin oksijin ne ke tilasta mutum ya saki, amma a gaskiya taruwar kabon dayoksaid ce kan gaba. Idan ka riƙe numfashi, wannan iska tana taruwa a jini tana ƙara masa tsami, kuma akwai ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa da cikin manyan jijiyoyin jini na wuya da ƙirji da ke auna hakan a kowane lokaci. Da zarar ta haura, sai saƙon ya tsananta har ya rinjayi nufinka. Wanda ya nace har ya suma, galibi numfashi yakan dawo masa da kansa.

Wannan yana da haɗari a wuri ɗaya da ya kamata a sani. Wasu masu iyo sukan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nitse, da tunanin suna cika huhu da oksijin. Kaɗan ne kawai ke ƙaruwa. Abin da suke yi shi ne zubar da kabon dayoksaid, wanda shi ne mai yi musu gargaɗi. Sai oksijin ya ragu a jininsu ba tare da sun ji matsin fitowa ba, su suma a ƙarƙashin ruwa, inda numfashin da zai dawo da kansa ruwa zai jawo cikin huhu. A ganina wannan ɗabi'a ce da bai kamata kowa ya gwada ba, ko da ya ƙware a iyo.