Zauren Masu Karatu: In Sayar da Babur Ɗina In Sayi Triumph Na 1969?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Na daɗe ina karanta shafinka, yau ni ma na kawo tawa. Shekaruna 33, wata 8 ke nan da na fara hawan babur, ƙarami ne na zamani, shi ke kai ni wurin aiki kullum. Kwanan baya na ga wani Triumph Bonneville na 1969 a ɗakin ajiyar wani dattijo. Ya ce rabon da a tayar da shi shekara 11, kuma a shirye yake ya sayar mini. Tun ranar da na ɗora ido a kansa na rasa sukuni. Sai dai kuɗina ba za su kai ba sai na sayar da wanda nake hawa, kuma ko fulogi ban taɓa kwancewa da hannuna ba. Maiɗakina ta ce ba ta yarda ba, tsoro take ji. Baba, in saya ko in haƙura?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Na san wannan rashin sukunin, domin ni ma ya kama ni shekara 30 da ɗoriya da suka wuce, har yau bai sake ni ba. Idonka bai yaudare ka ba. Kamfanin Triumph na Ingila ne ya fara fitar da Bonneville a 1959, aka raɗa masa sunan filin gishirin nan na jihar Yuta a Amurka inda ake gwada gudun ababen hawa. Silinda biyu gare shi, cc 650, kuma masu sonsa da yawa sun fi ɗaukaka na ƙarshen shekarun 1960, irin wanda ka gani.

Duk da haka kada ka sayar da wanda kake hawa. Ba a sakin reshe a kama ganye. In har sai ka rabu da shi za ka iya sayen wancan, to lokacin sayen bai yi ba tukuna.

Babur ɗin da ya shekara 11 a jingine lalacewa yake yi a hankali, ko da ba wanda ya taɓa shi. Fetur ɗin da aka bari a tanki ya bushe ya yi danƙo kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireta, ga shi wannan samfurin kafireta biyu gare shi. Cikin tankin ya yi tsatsa. Duk wata roba da ke jikinsa ta sandare, faifayen kuloci sun manne da juna. Baƙin mai, wanda a Triumph tankinsa daban yake a ƙarƙashin kujera, ya tsiyaye ya taru a gindin inji. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Waɗannan injuna ba su da matatar mai irin ta zamani, 'yar raga ce kawai, sai wani rami a cikin sandar da fistan ke juyawa a tsakiyar inji, inda dattin mai ke taruwa. In ramin ya cika, mai ba ya isa inda ya kamata, kuma ba yadda za a share shi sai an raba injin gida biyu. Wa ya san yaushe aka share na wannan? Kuɗin da za ka miƙa wa dattijon somin taɓi ne. Watanni za ka yi kafin babur ɗin ya taka titi, kuma a watannin nan aiki ba zai jira ka ba. Ko ƙungiyar masu kula da tsofaffin ababen hawa ta duniya, FIVA, da ta zo fayyace abin hawa na tarihi, cewa ta yi wanda ya kai shekara 30 aƙalla, aka adana shi a kan asalinsa, kuma ba shi ake hawa zirga-zirgar yau da kullum ba.

Wannan maganar aljihu ce. Wadda ta fi damuna ita ce ta ƙafarka.

A babur ɗinka giya tana hagu, birkin baya yana dama. A Bonneville na 1969 akasin haka ne: giya a dama, birki a hagu. Sai wajen 1975, bayan dokar Amurka ta tilasta, kamfanonin Ingila suka mayar da giya hagu. A takarda wannan ƙaramin abu ne, a kan titi kuwa babba ne. Lokacin da na sayi tsohon babur ɗan Ingila na farko, na riga na shekara kusan 10 ina hawan na Japan. Wata yamma yaro ya biyo ƙwallo ya faɗo titi a gabana. Kafin tunani ya zo mini, ƙafata ta dama ta riga ta taka abin da ta saba takawa. Giya ta canza, babur ya zabura, birkin gaba kaɗai ya rage mini. Allah ya tsare, na tsaya saura taku biyu tsakanina da yaron. Na sauka na zauna a bakin hanya jikina na rawa, kuma na yi mako 3 ban sake hawa ba. Bayan nan wata 2 na yi ina zuwa wani fili da ba kowa, kowace safiya in yi tsayawar gaggawa sau 20 ko 30, har ƙafar hagu ta koyi aikinta. Ni ke nan mai shekara 10 a kan babur. Kai wata 8 gare ka, jikinka bai gama haddace tsari ɗaya ba, za ka ɗora masa na biyu, kuma ka riƙa sauyawa tsakaninsu.

Sannan birkin kansa irin na ganga ne gaba da baya. In an saita shi da kyau yana kamawa, amma yana son hannu mai ƙarfi da tazara mai yawa, kuma in ya yi zafi a doguwar gangara ƙarfinsa raguwa yake yi. Na'urar nan ta ABS da ke hana taya sandarewa in an matse birki da ƙarfi, sai 1988 BMW ya fara sa ta a babur, shekara 19 bayan an ƙera wanda ka gani. Motocin da za ka bi a baya kuwa na yau ne, tsayawa suke yi cak. Mai tsohon babur da idonsa yake taka birki tun daga nesa, kuma wannan idon sai da shekaru yake samuwa.

Sai maganar hannu. Ka ce ko fulogi ba ka taɓa kwancewa ba, kuma ba abin kunya ba ne, kowa haka ya fara. Amma ka san abin da ke jiranka. An ƙera wannan babur a zamanin da ake sa ran mai shi zai zauna da shi a ranar hutu da sifana a hannu. Za ka riƙa duba tazarar kwantak ɗin da ke ba fulogi wuta, ka saita tazarar bawul injin yana sanyi, kashi 2 cikin 1000 na inci a mashigar mai, kashi 4 a mafitar hayaƙi. Za ka daidaita kafireta biyun su riƙa numfashi tare. Fistan biyun tare suke hawa tare suke sauka, daga nan wannan ƙara mai daɗi take fitowa, daga nan kuma jijjigar da ke sassauta noti take fitowa, don haka bayan kowace doguwar tafiya sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Notocin ma da inci aka auna su, sifanun milimita ba za su zauna daidai ba, sai dai su cinye musu kai. Wutarsa a juye take: ɓangaren batir mai alamar tarawa shi ake haɗawa da jikin babur, kuma bakaniken da ya saba da na zamani yana iya haɗa ta yadda ya sani ya ƙona maka kaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ba shi da sitata, sai kik. Fetur ɗin yau ma, a ƙasashe da yawa, an gauraya shi da etanol, mai jawo danshi a tanki da cin tsohuwar roba.

Na jero maka waɗannan ne domin a wurina su ne daɗin abin. Babu wani sashe na wannan injin da mutum mai haƙuri ba zai iya buɗewa ya gane ba. Ranar da na fara saita bawul da kaina, na buga kik sau ɗaya injin ya ɗauka ya zauna lafiya lau, farin cikin da na ji bai gaza na kowace tafiya da na taɓa yi ba. Wanda aikin nan ke faranta wa rai, tsohon babur abokinsa ne na shekaru. Wanda kamanni da ƙara kaɗai yake so, cikin shekara guda babur ɗin zai koma jingine, wannan karon a ɗakinsa. Na ga haka sau da yawa, kuma abin yana ba ni tausayi, ga mutumin da babur ɗin duka.

Akwai hanyar da za ka san ko wane ne kai a cikin biyun ba tare da ka kashe komai ba. Ka nemo littafin gyaran babur ɗin da kake hawa yanzu. Ka juye baƙin mai da kanka, ka wanke cen ka ɗaure shi daidai, ka kwance fulogi ka duba launinsa, ka share matatar iska. Ka yi wata 6 a haka. In ka ga kana ɗokin zuwan ranar aikin, ka samu amsarka.

Ko a lokacin, shawarata ita ce ka fara da ɗan Japan na shekarun 1970. A 1969 ɗin nan da aka ƙera Bonneville ɗinka Honda ya fito da CB750, mai silinda huɗu da sitata da birki mai faifai a gaba, kuma daga nan kasuwa ta juya. Wannan ya yi maka nauyi yanzu, amma ƙanensa CB350, da aka yi daga 1968 zuwa 1973, daidai kai ne. In ƙarar silinda biyu irin ta Bonneville ce ta kama ka, akwai Yamaha XS650. Dukkansu giya a hagu, noti da milimita. Abu ɗaya ka riƙe: sukurorinsu masu kan gicciye ƙirar Japan ce da ake kira JIS, ka nemi sukudireban da ya dace da su, in ba haka ba ka lalata kawunansu tun ranar farko.

Ko wanne ka je dubawa, ka fara da lambar inji da ta jikin babur, su yi daidai da takardu. In takardu ba su cika ba, ka juya ka tafi komai kyansa. Ka haska tocila cikin tanki. Ka taka kik a hankali ka ji ko injin na juyawa, kuma yana tura ƙafarka baya. Ka tafi da tsohon bakaniken da ya yi zamani da irinsu, da tsohuwar zuma ake magani. Taya kuwa, kada zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai lambobi 4 a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In lambobi 3 ka gani, kafin 2000 aka yi ta. Wadda ta haura shekara 10 cire ta za a yi, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Maiɗakinka tana da gaskiya, kuma kada ka saya a ɓoye ko ka saya sannan ka sanar da ita. Ka karanta mata wannan amsar. In lokacin ya zo, ka zo mata da alkawuran da za ta iya gani da idonta: sababbin tayoyi, sabon birki, hular kwano mai rufe fuska duka, ba hawan dare, ba hawa cikin ruwa, ba goyon kowa a shekarar farko. Dattijon kuma ka koma ka faɗa masa gaskiya, cewa kana so amma ba ka shirya ba. Ka roƙe shi ya bar ka ka riƙa zuwa kuna fito da babur ɗin kuna goge shi, ka tambaye shi littafinsa da sifanunsa da abin da ya sa ya jingine shi. Wanda ya riƙe babur shekara 11 bai sayar ba, yana iya ƙara maka shekara guda.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar Honda C70 na 1978. Ni ban iya hawa ba, amma ba na son a sayar. Yayyena sun ce a sake masa fenti ya koma sabo. Me ka gani?

AMSA

Allah ya jiƙansa, 'yata, ya ba ku haƙuri. Ki roƙi yayyenki su bar fentin. Inda ya koɗe a gefen kujera da inda hannunsa ya goge kan babur ɗin, sawun mahaifinku ne, kuma in aka shafe shi ba mai dawo da shi. Masu tara tsofaffin babura ma fentin asali suka fi daraja. Ki wanke shi da ruwa da sabulu, ki shanya shi sosai, ki shafa ɗan mai a ƙarfen da ke ƙyalli. A tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, a cire batir, a kwance fulogi a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya a ramin, a juya kik a hankali da hannu sau 5 ko 6, a mayar. Ki ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, ki rufe da zanen auduga, ban da leda, domin leda tana riƙe danshi.

Wannan dangin Super Cub ne, da Honda ya fara a 1958, kuma a 2017 adadinsu ya kai miliyan 100, saboda haka kayan gyaransa ba za su yi miki wuya ba. Ba shi da kuloci na hannu, taka giya kawai ake yi. In wata rana kika so ki koyi hawa, a sa masa sababbin tayoyi da birki, ki fara a kansa.