Ƙarfe a cinya, gwiwa ta cinye: sai an zare shi kafin a canza gwiwa?

Tambaya: Likita, shekara 12 ke nan da na yi hatsarin babur a hanyar Konni, aka sa mini ƙarfe cikin ƙashin cinya. Yanzu gwiwar ta cinye, salla ma sai a kan kujera. An ce a canza mini gwiwa, amma wai ƙarfen zai hana. Gaskiya ne kwamfuta na iya kauce masa? Daga wani mai karatu a Tawa.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, Alhaji. Gaskiya ne, tana iyawa.

A aikin da aka saba, likita kan zura wani dogon sanda cikin ramin ɓargon cinya don ya san inda zai yanke ƙashi daidai. To, ramin nan ne ƙarfenka ya toshe. Shi ya sa ake cewa a zare shi tukuna, wato tiyata biyu ke nan. Ƙarfen da ya shekara 12 kuwa ƙashi ya riga ya rungume shi, kuma ramukan da kusoshi ke bari suna raunana ƙashin har ya iya karyewa.

Kwamfuta ba ta shiga ramin. Ana kafa ƴan alamomi masu ƙyalli a ƙashin cinya da na ƙauri, kyamara tana bin su. Likita ya riƙe ƙafarka ya jujjuya ta daga ƙugu, ya taɓa ƙasusuwan idon sawu, sai layin da nauyin jiki ke bi ya fito a allo. Da shi ake yanka, ba a son a kauce da fiye da digiri 3. Hannun likita ne ke aikin, na'ura awo kawai take yi. A Grenoble ta Faransa aka fara wannan a 1997.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayar cuta da kan laɓe jikin tsohon ƙarfe. In wurin ya taɓa yin ruwa ko mugunya, ko sau ɗaya, ka faɗa wa likita, a yi gwajin jini na CRP, wanda ke nuna alamar kumburi ko cuta a jiki. Idan cuta na nan, dole ƙarfen ya fita, a yi magani kafin a sa sabuwar gwiwa. Haka ma in bakinsa ya sauko dab da gaɓar, ko da kwamfuta sai an cire kusoshin da suka tare wurin.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. In za ka je Yamai wurin likitan ƙashi, ka tafi da tsofaffin hotunanka da takardar aikin farko, a kuma ɗauki sabon hoton ƙafar gaba ɗaya kana tsaye, daga ƙugu har idon sawu.