Tsakanin "Admirable" da Abin Sha'awa

Wani ɗalibi daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, na fassara kalmar Ingilishi 'admirable' da 'abin sha'awa', malaminmu ya ja mini layi da jan biro. Ina laifina?"

Ɗana, laifinka kaɗan ne, amma malaminka yana da hujja. Sha'awa daga Larabci muka aro ta, daga "shahwa", wato marmari da jan zuciya. Sabuwar mota abin sha'awa ce, haka ma lambun mangwaro da ya nuna. Amma matar da ta riƙe marayun ƙanenta shekara goma ba ta taɓa yi musu gori ba, wannan sai dai a ce ta yi abin yabo, ko abin a yaba. Idan ana so wasu su bi sahunta, a ce abin koyi.

Kuma a yi hattara. Bature zai ce wa malamarsa "I admire you" ba tare da wata manufa ba. Kai je ka ce wa taka "ina sha'awarki" ka ga yadda za ku kwashe! Abin da ya dace shi ne "ina ganin girmanki", ko "halinki yana burge ni".

Ita kanta "admire" ta sauya ma'ana a hanya. Asalinta Latin ne, "admirari", wato yin mamaki, kuma tushensu ɗaya da "miracle", mu'ujiza. Daga mamaki ta gangaro zuwa girmamawa. Tamu "burge" ma haka ta yi yawo. Burga ai cika baki ce da tsoratarwa, shi ya sa ake cewa wane burga kawai yake yi. Yau kuwa yaro ya ci jarrabawa sai a ce ya burge.

Su "commendable", "laudable" da "praiseworthy" kuwa duk "abin yabo" ya ɗauke su. Sai dai Bature yakan yi amfani da "laudable" wajen niyyar da ta yi kyau ko da aikin bai kai ba, irin abin da mu za mu ce "ya yi ƙoƙari".

Idan mutum ne kansa ake nufi, ba aikinsa ba, ni a ganina babu kamar "mutumin kirki". Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya yi rubutu a kan wannan a 1974, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka lura babu dukiya a ciki, babu sarauta.

Wata baiwar Allah kuma daga Maraɗi ta tambayi ma'anar "ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa".

Malama, mutanen zamanin da sun ɗauka kuturta gado ce, kuma takan daɗe a jiki kafin ta bayyana. Saboda haka ko an ga ɗan kuturu da yatsunsa cif, sai a ce a dakata tukuna. Ana buga karin maganar idan aka ga ana rawar kai wajen yabon sabon shugaba, ko amaryar da ba ta cika wata guda a ɗaki ba. Amma likitoci sun tabbatar ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba gado ba, kuma tana warkewa da magani. Don haka ni ba na faɗin wannan karin maganar a inda mai lalurar yake zaune.