Gidan haya a karkara: wa zai biya kuɗin ruwa, wa zai kwashe masai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da gidan haya mai ɗaki takwas a wani gari kusa da Gumel, yawancin masu zama a ciki malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti. Na haƙa burtsatse na ɗora tanki, da janareto muke tura ruwa. Da can nakan haɗa kuɗin ruwa cikin kuɗin hayar shekara, amma yanzu fetur ya cinye ribar gidan. Na ce kowane ɗaki ya riƙa ba da abu kaɗan duk wata, sai gwauraye suka ce ba za su biya daidai da masu iyali ba. Maƙwabta ma suna shigowa ɗiba. Ga shi kuma masai ya kusa cika, kowa ya zuba mini ido. Yaya zan yi ba tare da na zalunci kowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a gidan. Gwaurayen nan suna da gaskiya, kai ma kana da taka. Rikicin ya taso ne daga zuba kuɗi iri uku a tukunya ɗaya: na ruwan da ake sha yau, na gyaran kayan da ke kawo ruwan, da na kwashe abin da ruwan ya tara a rami. Kowanne da mai ɗaukarsa.

Burtsatse da injin da ke cikin rami da tanki da bututu, duk naka ne. Su suka ɗaga darajar gidan, saboda su malamin makaranta ya bar wani gida ya zo naka. Idan injin ya ƙone ko tanki ya tsage, daga kuɗin haya za a gyara, sai fa in an san wanda ya ɓata da ganganci. Ina ba masu gidaje shawara su ware wani kaso ranar da aka biya haya, su ajiye shi da sunan gyara, domin injin ruwa ya fi son mutuwa a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya kuma 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka.

Fetur da baƙin mai kuwa na masu amfani da ruwan ne, kuma bai kamata su shiga kuɗin shekara ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, duk wanda ya yanke kuɗin ruwa na shekara guda a gaba caca ya yi, ko shi ya faɗi ko ɗan haya ya faɗi. A mayar da shi wata-wata, bisa abin da aka ƙona a zahiri.

Kafin ka kira kowa zama, ka auna. Ka ɗauki mako guda kana rubuta sau nawa aka cika tanki, da lita nawa ta fetur ta tafi a kowane ciko. A ce tankinka mai lita 2,000 ne, wato jarka 80 ke nan ta lita 25. In sau ɗaya ake cika shi a wuni da litar fetur ɗaya, ka san wata yana cin lita 30. Ka lissafa da farashin ranar, ka ƙara baƙin mai. Wannan misali ne kawai, naka lissafin zai fito daga naka awon. Amfaninsa shi ne ka je wa mutane da takarda a hannu. Ma'aikaci mai albashi ba ya ƙin biyan abin da ya ga yadda aka lissafa. Abin da ke ƙona masa rai shi ne zargin cewa mai gida yana cin riba a kan ruwan alwalarsa.

Rabo kuma da kawuna ake yi, ba da ɗakuna ba. Babba kaso ɗaya, yaro ƙarami rabi. Mai jego da ke wankin tsumma safe da yamma za ta wuce kasonta, amma wannan a bar shi cikin zumunci, kowa zai zo wurin. Wanda dole a ƙara wa shi ne mai neman kuɗi da ruwan: mai wanki da guga, mai ƙulla zoɓo ko ƙanƙara, mai turken sa a bayan gida. Sa guda a zafin Afrilu yakan sha fiye da jarka ɗaya a wuni, ka ga ya kai mutum ko ya fi. Sannan kada kai ka riƙe kuɗin. 'Yan hayar su zaɓi ɗaya a cikinsu, shi zai tara, shi zai sayo mai, ya rubuta a littafi ɗan kwabo da kowa zai iya buɗewa. Ranar albashi ta fi dacewa da tarawa.

Batun maƙwabta yana da nauyi, kuma ba zan ce ka rufe ƙofa ba. Mun taso muna jin hadisin da ya ce Musulmi sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma a gari irin naku wanda ya hana ruwa ya ɓata da unguwa gaba ɗaya. Sai dai sadakar taka ce, ba ta 'yan haya ba. Ka fitar da famfo ɗaya waje jikin katanga, ka sa masa lokaci, misali bayan asuba zuwa hantsi, ka auna abin da yake ci, ka biya wannan kason daga aljihunka. Hakan zai kuma raba matan gidan da shige da ficen yara. Masu kura da ke ɗiba su sayar, su kam su biya, malamai ba su hana karɓar kuɗi kan ruwan da aka sha wahala da kashe dukiya wajen fito da shi ba.

In hali ya samu, sola ita ce mafita ta dindindin a ƙasar Gumel, inda rana ba ta yankewa. Tana tura ruwa ne da rana kawai, don haka tana son tanki babba, kuma a goge farantan da hunturu saboda ƙura. Kuɗin sa ta naka ne. Ka faɗa wa 'yan haya a fili cewa za ka ɗan ƙara haya, su kuma sun huta da sayen mai.

Ga masu karatu da gidajensu ke kan layin hukuma, ko ta Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ko ta STOWA mai kula da ƙananan garuruwa a Jigawa: bashin ruwa gida yake bi. Ɗan haya ya tashi, kai za a zo wa. Ka riƙa ganin rasit da idonka duk wata, kada a biya kowa hannu da hannu babu takarda, in kuma gida ya zama babu kowa ko ruwa ya daɗe bai zo ba, a kai ƙorafi a rubuce a riƙe kwafi. Inda famfon tuƙa-tuƙa na gari ne da kwamitin unguwa ke kula da shi, 'yan hayarka su shiga karo-karo kamar kowa.

Yoyo ma yana cin kuɗi a ɓoye. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yakan zubar da kimanin jarka guda a wuni. Ka sa alama a jikin tanki da dare bayan an rufe komai, ka duba da asuba. In ruwa ya sauka, a nemo mai gyaran famfo.

Yanzu masai, kuma a nan na fi jin tsoro. A karkararmu babu babban bututun gwamnati da ke kwashe ƙazanta, don haka babu takardar biya da ke zuwa duk wata. Kuɗin yana taruwa ne a cikin rami shiru, ya faɗo wa mutum lokaci ɗaya. Wanda ya shigo wata uku da suka wuce bai kamata ya biya cikar shekara biyar ba. A ganina wannan kwasar ta yanzu kai za ka ɗauka, tunda ba a yi sharaɗi da kowa ba. Daga nan sai a ɗora ɗan abu kaɗan a kan kuɗin ruwan wata, a ajiye shi daban domin kwasa ta gaba. Malaman Malikiyya sun halatta a sa sharaɗin kwasar masai a cikin yarjejeniyar haya, abin da ake so dai a faɗe shi tun ranar shiga. A rubuta, mai unguwa ya shaida.

Kada ka jira sai ya tumbatsa. Da zarar ya rage kamar rabin mita ya cika, a kira mota ko 'yan gidan kowa da akwai, kuma a yi kafin damina. Ka tambaye su inda za su zubar kafin ku yi ciniki. Kududdufin bayan gari da yara ke wanka ba wurin zubarwa ba ne. Rami za a haƙa nesa da rijiyoyi a binne. Jigawa ce jihar farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, a 2022, kuma abin kunya ne a tara ƙazanta a rami sannan a juye ta a bakin gari. Kada kuma a bar kowa ya shiga ramin da aka buɗe yanzu, iskar da ke ciki tana kashe mutum, ta kashe wanda ya bi shi ceto.

In kana da fili, haƙa rami na biyu ya fi kwasa sauƙi. A rufe na farko shekara biyu, abin da ke ciki zai bushe ya zama taki da za a iya fitarwa da shebur. Sai dai ka auna tazara: aƙalla mita 30 tsakanin masai da burtsatse ko rijiya, har da ta maƙwabci, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. A wajenku ruwa yana da zurfi, wannan bai cika zama matsala ba, amma masu gidaje a fadamun Haɗeja da Auyo su kula sosai, don can ruwa yana kusa kuma ambaliya tana shiga ramuka, daga nan amai da gudawa ke tashi. Ruwan wanka da na wanke-wanke a yi masa sokawe nasa daban, kada ya bi cikin masai, shi ke cika rami da wuri, shi da leda da ƙunzugun yara na zamani da ba sa ruɓewa.

Wanda ya ƙi biyan kasonsa kuma, kada ka rufe masa famfo. Akwai yara a ɗakin, kuma gidan da aka hana ruwa bayan gidansa ne ke fara lalacewa, cutar ta shafi kowa. A rubuta masa bashi a littafin, a tuna masa gaban wakilin 'yan haya, in ya ci gaba a kai wa mai unguwa, ranar sabunta haya kuma sai ya biya kafin a karɓi kuɗin sabuwar shekara.